Amsa ga ɗiyata kan ajin yara na ranar Lahadi

Ɗiyata, ina gajiya, ina aiki, yaya mutanen Yamai? Saƙonki ya iso. Kin ce dattawan ikilisiya sun damƙa miki ajin yara na ranar Lahadi, sun kuma ja miki kunne cewa ki koya musu shaidar bangaskiya ta wurin hali, kada ki tura su wa'azi cikin unguwa. Kina tambaya ko wannan al'ada tsoro ce kawai, in kuma ba tsoro ba ce, ta yaya ake koya wa ɗan shekara bakwai hali.

Ba tsoro ba ce. A ƙidayar 2012 mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Ke nan yaron da ke zaune gabanki, wataƙila shi kaɗai ne Kirista a ajinsu na lakwal. Abokansa ba za su buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ba za su taka ƙofar majami'a ba. Duk abin da za su sani game da mu, a jikinsa za su gan shi, kuma gani ya kori ji. Haka ma abin ya faro a ƙasar nan. Ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, amma mutanen Adar da yawa sun fara sanin Kirista ne a bakin gadon asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950 nan jiharmu ta Tawa. Ki duba Matiyu 5:16, ki haɗa da 1 Bitrus 3:15-16, inda aka ce mu zauna da shirin amsa wa wanda ya tambaye mu, cikin tawali'u da girmamawa. Hali ne ke jawo tambaya, tambaya ce ke buɗe bakin yaro. Dattawan ba su hana magana ba, lokacinta suka faɗa miki.

To ga yadda ake yi. Da farko ki raba su. Ƴan shekara huɗu zuwa shida gefe guda, ƴan CE (aji uku da huɗu na firamare) gefe guda, ƴan CM (aji biyar da shida) gefe guda. In kin tara su wuri ɗaya, manyan za su amshe kowace tambaya, ƙananan su koma wasa da ƙasa. Ƙanana minti 30 ya ishe su, manya kada ki wuce awa ɗaya, kuma malama ɗaya kada ta riƙe ƙananan yara fiye da guda 15. Cikin zafin Afrilu da Mayu ki rage minti goma, ki sa su inuwa, ki ajiye ruwan sha kusa. Yaro mai ƙishirwa ba ya jin wa'azi.

Darasin yana farawa ne tun daga ƙofa. Kowane yaro ya gaishe ki yadda ake gaida babba, ya rusuna, ya jira amsa, abin da zai miƙa ya miƙa da hannun dama. Tun da Yamai kike, ki koya musu gaisuwa da Hausa da Zabarmanci duka, ko da “fofo” ce kawai, don tsohuwar da ke maƙwabtaka da su da harshenta take so a gaishe ta. A ajin manya, bayan waƙa ɗaya ko biyu sai minti goma na tambayar aikin makon jiya, minti goma na labari, minti goma sha biyar na wasan kwaikwayo, sai aya, aikin sabon mako, da addu'a. Ayar ta zama gajera, cikin harshen da yaron yake mafarki da shi. Sau da yawa za ki ji yaro ya zubo aya da Faransanci tiryan-tiryan, ki tambaye shi me ta ce ya yi, ya tsaya yana kallonki.

Inda yawancin malamai ke faɗuwa shi ne su rufe darasi da “ku zama yara nagari”. Wannan ba aiki ba ne, yaro bai san ta inda zai kama shi ba. Ki ba su aiki ɗaya tak a mako, mai wuri, mai mutum. Misali, kowace safiya ka gaida dattijon da ke zama a ƙofar gidanku kafin ka wuce lakwal. Ko ka ara wa wanda bai da bik naka na biyu ba tare da gori ba. Ko in kin share ƙofar gidanku ki zarce har ta maƙwabciya. Ko ranar kwamfozisiyo, wato jarrabawa, kada ka leƙa takardar wani, kada kuma ka buɗe taka a leƙa. Aiki ɗaya ki maimaita shi mako biyu ko uku kafin ki canza, don sau ɗaya ba ya zama hali.

Wasan kwaikwayon nan kuwa kada ki raina shi, a nan ne darasin yake shiga jiki. Ki ɗauki labarin Zakka a Luka 19, wanda ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwata. Sai ki aza tebur, ki jera gwangwanaye biyu uku, yaro ɗaya ya zama mai tebur, ɗaya kuma an aike shi sayen sukari da dala ɗari. Mai tebur ya yi kuskure, canji ya haura da dala goma. A zagaye na farko ki bar ɗan aike ya soke kuɗin a aljihu, ki tambayi aji wa aka cuta, kuma me mai tebur zai ce in ya gane ɗan gidan wane ne. A zagaye na biyu ya mayar. A na uku ki ƙara masa abin da zai gamu da shi da gaske: aboki a gefe yana zungurinsa, yana cewa kai wawa ne, mu je mu sayi ƙosai. Daga ƙarshe mai tebur ya tambaye shi, yaro, me ya sa ka maido? Nan ki koya masa amsa jimla ɗaya: “An koya mana Yesu ba ya son mu ci haƙƙin wani.” Ya faɗa, ya yi sallama, ya tafi. In aka ƙara masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, ya ce zai tambayi babansa. Babu kunya a ciki.

Ki kiyayi alawa. Da zarar kin fara ba da bombo ga wanda ya kawo labarin alherin da ya yi, mako na uku kowa zai zo da tsohuwar da ya ɗauke wa kaya, ke nan da hannunki kin koya musu ƙarya da riya. Ki canza tambayar. Maimakon “wa ya yi?”, ki ce “wa abin ya yi wa wuya, me ya hana?” Wanda ya ce ya manta ko ya ji kunya, shi za ki yaba wa kan gaskiyarsa. Matiyu 6:1 ta yi kashedi kan yin alheri don a gani, ya kamata ƴan CM su karanta ta tare da 5:16 su gane bambancin. Wata matsalar ita ce yaro ya ɗauka ya fi abokansa, ya fara yi musu hukunci. Ki riƙa tambayarsu alherin da maƙwabta Musulmi suka yi musu a makon, su yi godiya a kai cikin addu'a.

Sai zaman unguwa, wanda kalandar shekara ce za ta tsara miki shi. Kafin azumi ki yi darasi kan kada su ci ko su sha a gaban mai azumi, su shiga gida. Ranar Juma'a, ko duk inda aka shimfiɗa tabarma ana salla a bakin hanya, su bi ta baya, su rage murya, su tsayar da ƙwallo. Da Babbar Salla in an aiko da naman layya, yaro ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya yi barka da salla. Maganar ci ta iyaye ce, yawancinmu muna ci, amma ko gidan da ba sa ci bai kamata ɗansu ya yatsina fuska a gaban ɗan aike ba. Da Kirsimeti su ne za su kai kwanukan abinci gida gida. Ki tuna wa iyaye su ba mahauci Musulmi ya yanka dabbar, yaron kuma ya san haka, don za a tambaye shi wa ya yanka.

Abu biyu ki kafa musu doka, ba shawara ba. Ba a taɓa Annabi, Alƙur'ani ko salla da baki, ko cikin wasa, ko an tsokane su. Ke kin san abin da ya faru a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da aka ƙona majami'u, su kuwa yawancinsu ba a haife su ba, ba su san nauyin kalma ba. Na biyu, yaro ba ya jawo ɗan maƙwabta majami'a a ɓoye. In abokinsa yana son ya zo kallon wasan Kirsimeti, babba ya je ya nemi izinin babba. In an ce a'a, shi ke nan, gaisuwa tana nan yadda take.

Za a kira su arna ko kafirai, wannan ba makawa, gara su ji daga bakinki kafin su ji a filin lakwal. Ki gwada da su a wasa: ba rama zagi, ba dambe, yaro ya ce “ni Kirista ne” ya wuce. Amma ki bayyana musu sarai cewa haƙuri ba ɓoye cuta ba ne. In an doke shi ko an ƙwace masa kaya, ya faɗa a gida ranar, iyaye su je wurin mushe, wato malamin ajinsu, ko darakta.

Awa ɗaya gare ki a mako, sauran duka na gida ne. Uwar da ke tura ɗanta ya ce wa mai bin bashi “ba ta nan” ta rushe miki darasin wata guda. Saboda haka kowace Lahadi ki sanar da zumuntar mata aikin makon, ko ki tura shi ta WhatsApp da murya, don ba kowa ke karatu ba. Ke ma ki riga yaran zuwa, ki ajiye bulala, alkawarin da kika yi musu ki cika. Ki sami kaye guda ki rubuta sunan kowane yaro da aikin da aka ba shi, bayan wata uku ki zaga gidajen ki ji daga bakin iyaye wanne ya kama, wanne za a sake.

Ki gaida maigidanki da yara, ki gaida fasto.

Gwaggonki, daga Tawa.