Ƙwari sun huda ganyen kuɓewata, kuma ina tsoron feshin guba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan lambu a yankin Kura. Tun da zafi ya shigo, wasu ƙananan ƙwari masu tsalle suka mai da ganyen kuɓewata kamar rariya. Kullum a nan ake tsinkar ta miya, shi ya sa ba na son maganin kanti. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Waɗannan ƙwari sanannu ne a kuɓewa, rama da yakuwa, domin ukun dangi ɗaya ne. Suna yin ƙwai a ƙasa, tsutsarsu ta ci saiwa, manyan su hau ganye. Hujin bai cika kashe kuɓewar da ta yi ƙwari ba. Inda ake asara shi ne shukar da ba ta wuce sati huɗu ba, ga kuma cutar da suke ɗauka daga wannan tushe zuwa wancan, wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Don haka ƙarfinka ya tafi kan ƙaramar shuka.

Maganin da na fi yarda da shi yana ƙofar gidanka: 'ya'yan darbejiya. Ka tsinci nunannu, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka fasa ka fitar da ƙwayar. A daka gram 500, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Washegari a tace da kyalle mai laushi don kada ya toshe bakin injin feshi, a narka ɗan sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. Ganyen darbejiyar ma yana yi, amma bai kai ƙwayar ƙarfi ba.

A nan ne mutane da yawa suke karaya. Darbejiya ba ta zubar da ƙwaro nan take. Hana shi ci take yi, ta dagula masa girma da haihuwa. Mutum ya fesa yau, gobe ya ga ƙwaro na tsalle, sai ya ce aikin banza ne. Sabon ganye za ka duba, ko hujin ya ragu. Kuma rana tana kashe ƙarfin maganin, saboda haka bayan la'asar sakaliya ake fesawa, sama da ƙasan ganye, a maimaita duk kwana 5 zuwa 7. Kada a ajiye jiƙon, a haɗa sabo kowane lokaci.

Tsakanin feshi, ka barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka da sassafe bayan ka yayyafa wa ganyen ruwa, kaɗan dai, don in ta yi yawa tana ƙona ƙaramar shuka. In fangalin ba shi da girma, tsohon gidan sauro ya wadatar: ka rufe, ka danne gefe da ƙasa, ka yaye in ta fara fure. Baɗi kuma ka sa albasa a wurin, ka kai kuɓewar wani ɓangare.

Idan fure ya buɗe, za ka iya ganin hangara (wani ƙwaro ne daban, mai guba) tana cinsa. Kada ka kama ta da hannu, ruwan jikinta na sa fata ta yi bororo. Ka kakkaɓe ta cikin bokitin ruwan sabulu da safe, kafin rana ta ɗaga. Ka kuma duba ciyawar da za ka kai wa jaki ko doki, domin gubarta tana nan ko bayan ta mutu.