Amsa: Bugun zuciya lokacin gudu a Legas

Malam, ka ce a Kano kana gudun awa guda lafiya lau, amma a Agege minti 20 zuciya ta hau dukan uku-uku. Laimar iskar Legas ce. Gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, sai jini ya karkata zuwa fata don fitar da zafi. Ga ruwan jiki na raguwa, dole zuciya ta ƙara sauri.

Ka riƙa fita bayan sallar Asuba, nesa da hayaƙin motocin haya na danfo, ka sha ruwa tukuna. Gishiri ma ka rage, har da magi da yajin tsire. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana.

In da ciwon ƙirji ko jiri, don Allah ka tsaya, ka ga likita.