Tambaya da Amsa: Ina String ɗin ya shiga?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina rubuta annotation processor (manhajar da ke bincika lambar shiri yayin da kompaila ke fassara ta) a Java amma List<String> da List<Integer> duk List kawai suke fito min, ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tun da generics (faɗin nau'in abin da ke cikin List da makamantansa, kamar String ko Integer) suka shigo Java 5 a 2004 kompaila ke goge abin da ke cikin <> in ya gama aikinsa, amma fa processor ɗinka kafin gogewar yake gudana, bayanin na nan daram. Ina zargin ka kira asElement() ne ko erasure(), su ne ke zubar da shi. Riƙe TypeMirror ɗin (abin da ke wakiltar nau'in a processor ɗinka), in DeclaredType ne (wato nau'in class ko interface) ka kira getTypeArguments() za ka ga String ɗinka. In kuma T (harafin da ke tsaye a madadin ainihin nau'in) ya fito maka, asMemberOf() zai warware shi.