Dalilin da ya sa HBeAg ke ɓacewa alhali ƙwayar cutar tana nan

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda gwajin HBeAg, wato wani furotin da ƙwayar cutar hanta nau'in B ke sakewa cikin jini, zai nuna babu, amma kuma a ce ƙwayar cutar hanta nau'in B tana ci gaba da hayayyafa a jiki. Hakan yana faruwa, kuma asalinsa sauyi ne a tsarin halittar ita kanta ƙwayar. Sinadarin da take kwafar kanta da shi ba ya gyara kuskure, saboda haka sauye-sauye suke taruwa. Mafi shahara shi ne na gurbi na 1896 a jerin haruffan tsarin halittar ƙwayar, inda harafin G ke komawa A, sai alamar tsayawa ta bayyana tun a farkon umarnin ƙera HBeAg, ƙera furotin ɗin ya katse kafin ya kai ko'ina. Wasu sauye-sauyen biyu, a gurbi na 1762 da 1764, rage yawansa kawai suke yi. Ƙwayar kuwa ba ta buƙatar wannan furotin wajen hayayyafa, shi ya sa take ci gaba da yi wa hanta lahani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane da yawa ke ɗaukar wannan sakamako a matsayin warkewa, su daina zuwa asibiti. Ka nemi likita ya auna yawan DNA ɗin ƙwayar a jininka, tare da gwajin ALT, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta samu lahani.