Amsar Baffa: shin Attaura da Linjila sun yi bushara da Annabi?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kullum a wajen Maulidi kana jin malamai suna cewa littattafan farko sun yi bushara da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ga abokin ɗakinka Kirista ya ajiye maka Littafi Mai Tsarki a gabanka ya ce nuna masa wurin. Kana son sanin inda wannan al'ada tamu ta samo asali, da abin da za ka ce masa.

Ba ƙirƙirar masu wa'azi ba ce, daga Alƙur'ani take. A Suratul A'araf aya ta 157 Allah ya ce Ma'abota Littafi suna samun Annabi a rubuce a wurinsu cikin Attaura da Linjila. A Suratus Saffi aya ta 6 Annabi Isa, alaihis salam, ya yi albishir da Manzo mai zuwa bayansa, sunansa Ahmad. Sai labaran sira da iyayenmu suka raine mu da su: Bahira, malamin Kirista na Busra a ƙasar Sham, Waraƙa ɗan Naufal, wanda Nana Khadija ta kai Annabi wurinsa bayan wahayin farko, da Abdullahi ɗan Salam, malamin Yahudawan Madina da ya musulunta. A nan imaninmu ya tsaya, ba a kan abin da ka iya tonowa a littafin abokinka ba.

To amma wuraren da malamai ke nunawa suna nan, kuma ina so ka san su haɗe da yadda masu littafin ke karanta su, don kada a yi maka ba-zata.

A Maimaitawar Shari'a 18:18, cikin Attaura, an yi wa Annabi Musa alkawarin annabi kamarsa daga cikin 'yan'uwansu. Malamanmu suka ce 'yan'uwan Bani Isra'ila su ne zuriyar Annabi Isma'ila, kuma wa ya yi kama da Musa kamar wanda ya zo da shari'a, ya yi hijira, ya shugabanci al'umma? Abokinka zai buɗe maka Ayyukan Manzanni 3:22, inda Bitrus ya ce Yesu ake nufi. Yahudawa kuwa annabawan cikin gidansu suke gani a wurin. Haka batun Mai Taimako, wanda Yesu ya yi alkawarin zuwansa, a Yohanna sura ta 14 zuwa 16: tun zamanin Ibn Ishaƙ, marubucin sira, a ƙarni na 8, Musulmi ke kafa hujja da shi, amma 14:26 ta kira shi Ruhu Mai Tsarki, kuma da wannan za a amsa maka.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne Ishaya sura ta 42. Bawa ne zaɓaɓɓe wanda ba ya ihu, ba ya ɗaga murya a titi, zai kawo gaskiya ga al'ummai. A aya ta 11 kuma aka ambaci ƙauyukan Kedar, shi kuwa Kedar ɗan Isma'ila ne, Farawa 25:13 ta faɗa. Ka ajiye wannan kusa da hadisin Bukhari, inda aka tambayi Abdullahi ɗan Amr ɗan As siffar Annabi a Attaura, ya ce ba mai kaushi ba ne, ba mai busasshiyar zuciya ba, ba mai hayaniya a kasuwanni ba. Duk sa'ad da na karanta su tare sai tsigar jikina ta tashi. Duk da haka, ka sani Matiyu sura ta 12 ta jingina wannan bawan ga Yesu.

Abu ɗaya na hana ka: Linjilar Barnaba da ake ta yaɗawa a WhatsApp. Kwafinta mafi tsufa da harshen Italiya yake, na wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma a ciki an ce Isa ba shi ne Almasihu ba, alhali Alƙur'ani da kansa ya kira shi Almasihu. Wanda ya ɗauke ta makami ya riƙi wuƙa ta wajen kaifi.

Game da muƙabala kuwa, tsohuwar aba ce. A 1854 Shaihu Rahmatullahi Kairanawi ya zauna da Pfander, ɗan mishan, a birnin Agra na Indiya. Mu kuma mun ga zamanin kaset ɗin Ahmed Deedat, samari na haddace lambobin ayoyi suna neman wanda za su kayar. Waɗancan malamai sun shekara suna karatu kafin su buɗe baki. Yaran da suka kwaikwaye su da yawa ba su kwaso komai ba sai zafin. Dattawanmu da suka yi maƙwabtaka da Kiristocin Wusasa a Zariya ba haka suka zauna ba: ana gaisawa, ana zuwa jaje da barka, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Suratul Ankabut aya ta 46 ta ce kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, Annabi kuma ya ce kada mu gaskata su, kada mu ƙaryata su a kan abin da suke karantowa.

Saboda haka ka karɓi littafin da hannu biyu, kada ka ajiye shi a ƙasa. Ku karanta Ishaya 42 tun daga farko har ƙarshe, ka faɗi fahimtarka, ka bar shi ya faɗi tasa ba tare da ka katse shi ba. In ya tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce sai ka tambayo, ka rubuto mini. Ka gaishe shi, ka kuma gaida mutanen gida in kun yi waya.