Tambayoyi da amsoshin lafiya: Tun da aka yi mini ruƙiyya kuka ya ƙi barina

Tambaya: Likita, shekaranjiya aka yi mini ruƙiyya, har yanzu jikina ciwo yake kamar an yi mini duka. Daga wani matashi a Ƙaura Namoda.

Amsa: Fizge-fizgen da ka yi ana danne ka ne ya gajiyar da naman jiki. Ka huta, ka sha ruwa sosai. Amma in fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu, ƙoda na cikin haɗari, ka je asibiti yau.

Tambaya: Mun baro ƙauyenmu a yankin Tsafe bayan 'yan bindiga sun shigo, muna zaune a Gusau. Na riƙa firgita, aka kai ni ruƙiyya. Tun ranar nake kuka, ba na barci, ga kunyar maganganun da aka ce na yi. Surukata ta ce aljanin bai gama fita ba, za a sake, har da hayaƙin barkono da bulala. Daga wata baiwar Allah.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya yaye miki. Wanda ya ga tashin hankali irin naki, jikinsa kan zauna cikin shirin gudu ko bayan ya tsira. Da aka rirriƙe ki ana ɗaga murya a kanki, jikin ya tuno waccan ranar, abin da kika daɗe kina dannewa ya taso. Kuka da kasala na 'yan kwanaki bayan haka ba sabon abu ba ne, galibi sukan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Maganar kunya kuwa, tsananin damuwa kan sa mutum ya fita hayyacinsa, ya yi magana da wata murya, ya farka bai san me ya faɗa ba. Ba a kama mutum da irin wannan maganar. In wani ya ɗauka a waya, maigidanki ya sa a goge.

Idan firgicin ya taso, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, na minti 5. Haki da sauri ne ke sa hannu ya yi sanyi, yatsu su ƙage, sai a ce ai ga shi ya dawo. Da numfashi ya daidaita za su saki. Ki yi alwala da ruwan sanyi, ki ambaci abu biyar da idonki ke gani a ɗakin, ko tabarma ce ko buta. Ki bar goro da shayi daga la'asar. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri ki riƙa faɗa masa abin da ke ranki. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ki karanta da kanki ki shafa, cikin natsuwa.

Bulala da barkono kuwa, a'a! Haba jama'a, jikin wa bulalar ke sauka? Hayaƙin barkono na shaƙe hanyar numfashi, mai asma yana iya rasa ransa. Ki nuna wa Hajiya surukarki wannan amsar.

In kukan da rashin barcin suka wuce mako 2, ki ga likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. In kika ji tunanin kashe kanki, ko kina jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada ki jira mako biyun, a kai ki yau. Maganin damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, kada ki yar da shi a kwana uku.

Tambaya: Ɗana mai farfaɗiya ne, an ce mu tsayar da ƙwayarsa tunda an yi masa ruƙiyya. Daga wani uba a Talata Mafara.

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Ya ci gaba da sha, a ci gaba da addu'a. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, ba cokali a baki. Ya wuce minti 5, asibiti.

Tambaya: In sayi ƙwayar barci a kemis? Daga Gummi.

Amsa: A'a. Jiki na saurin sabawa da ita, damuwar kuma tana nan. Ka ga likita tukuna.