Gwaji ya nuna 'yata AS ce, yanzu ana cewa jinin gidanmu ba shi da kyau

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce, a Makka muke zaune. 'Yata da ɗan yayana sun je gwajin kafin aure, aka ce dukansu AS ne, aka fasa. Shi ya yi aurensa, ita kuwa shekara biyu ke nan duk wanda ya fito sai a raɗa masa cewa akwai mugun jini a gidanmu. Har wani kawunta yana cewa da hukuma za ta hana irinsu aure da an huta da sikila. Yana da gaskiya? Ni dai na fara nadamar gwajin nan.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta miji nagari. Kafin komai, 'yarki lafiyarta ƙalau. AS ba ciwo ba ne. Ta gaji ƙwayar sikila guda ɗaya daga wajenki ko wajen mahaifinta, ta haɗa da lafiyayya guda. Ciwon yana bayyana ne idan yaro ya gaji biyu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki. Idan ta auri AA kuwa, ba za su haifi mai sikila ba. Wannan ƙwayar ma ta yawaita a cikinmu ne saboda tana kare yara daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ake samunta da yawa a Jazan da Ƙaɗif da Ahsa kamar yadda ake samunta a Kano.

Kada ki yi nadamar gwajin. Na sha tsayawa a kan jariri mai kumburarrun hannuwa yana tsala ihu, uwar ta rasa inda za ta taɓa shi. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado) kafin aure tun 2004, ta ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta a 2008. Amma ki lura da tsarin: gwajin ne dole, fasa aure ba dole ba ne. Ana yi wa ma'aurata bayani, zaɓi ya rage nasu.

Maganar kawunta ce ta fi tayar mini da hankali, don an taɓa gwada ta. A 1883 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya raɗa wa wannan aƙida suna yujeniks, wato tace irin ɗan Adam kamar yadda manomi ke tace irin shuka. Jihar Indiyana ta Amurka ta kafa dokar tsayar wa mutane haihuwa da ƙarfi a 1907, Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da irin wannan doka a 1927, aka yi wa mutum sama da 60,000 aiki. Jamus ta Hitila ta yi tata a 1933, ta yi wa kimanin 400,000, daga baya ta wuce zuwa kisan naƙasassu. Kusan kullum talakawa da marasa gata abin ya ci. Ita kanta sikila, da aka fara gwajin gama-gari a Amurka a shekarun 1970, baƙaƙen fata masu AS da ba abin da ke damunsu sun rasa aiki da inshora. Mu da muke tsiraru a nan Saudiyya ai bai kamata mu fara kiran a ware mutane da jini ba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Wa kawun zai bari ya yi aure? Shi kansa ya gwada nasa?

Abin da ake yi wa 'yarki ƙaramin salo ne na wannan aƙida, ba hukuma, ba doka, sai tsegumin zaure da na gidan biki. Kuma kin ga yadda ya faɗa: sakamako iri ɗaya, namiji ya wuce, mace ta ɗauki tambari. Wani uba ya taɓa naɗe takardar 'yarsa a gabana, ya cusa a aljihun jallabiya, ya ce in rufa masa asiri. Ban manta fuskarsa ba. Sakamakon gwaji sirrin mai shi ne, wanda ya yaɗa shi ya ci amana.

Akwai kuma masu matsa wa masu AS da suka riga suka auri juna su zubar da ciki. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a nan Makka ta yi fatawa a 1990 cewa kafin kwana 120 ana iya yi idan amintattun likitoci sun tabbatar da mummunar naƙasa marar magani, kuma da neman iyaye. Ko wani hali ya shiga cikin wannan fatawa, malamai da likitoci za a tambaya, ba dangi ba.

Idan wani ya sake fitowa, ita ta faɗa masa da bakinta tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ya je ya gwada nasa. In kina so, ki tafi da mahaifiyarsa asibiti ta ji daga bakin likita.